Wani abu na cinye min itatuwan da na shuka a bayan gida: in sa guba?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Muna zaune a sabon gida a bayan garin Zariya. Gaban gidan da gefensa akwai katanga, amma bayan shinge ne kawai, kuma filin ya gangara zuwa wani kwari. Na shuka itatuwanmu na gargajiya don jikoki su tashi su san su: kuka, ɗorawa, kaɗanya, ɗinya da magarya, na binne ƙwallayen giginya, ga ɗan fegin rama da yakuwa. Tun da ruwa ya ɗauke nake cikin takaici. Da safe sai in tarar an datse kan ƙananan, an tone giginyar an bar rami, an gwaguye ɓawon ɗorawa ta ƙasa, kuka biyu kuma an tumɓuke su ɗungurungum. Ga jemagu suna zuwa wata tsohuwar kanya da muka tarar a filin. Na ɗauka itacen ƙasarmu ba ya shan irin wannan wahala. Maƙwabta sun ce in zuba maganin ɓera ko'ina. Me ya kamata in yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya sa albarka a wannan niyya, don ba kowa ke tunanin bai wa kaɗanya da ɗorawa wuri a gidansa ba yanzu, kowa mangwaro da gwaiba ya sani.

Kada ki zuba gubar. Zan zo kan dalili, amma tukuna bari in gyara wani zato. Kasancewar itace ɗan ƙasa ba ya nufin dabbobi za su ƙyale shi. Su ne ma suka fi saninsa, don shi kakanninsu suka ci. Abin da itacen ƙasa ya fi baƙon itace da shi shi ne jure cin. Yawancinsu sun ajiye ƙarfinsu a ƙarƙashin ƙasa, ta yadda idan aka cinye sama ko gobarar daji ta lashe shi, sai ya sake tohowa daga gindi. Saboda haka ɓarnar da kika lissafa ba matsayinta ɗaya ba. Datse kai da cin ganye abin haushi ne, amma da wuya su kashe shukar. Masu kisa biyu ne: tone saiwa, da gwaguye ɓawo har ya zagaye kara. Nan za ki sa kuɗinki da lokacinki.

Ki kuma lura da lokacin da abin ya fara. Damina a yankin Zariya takan kama daga Mayu zuwa farkon Oktoba. A cikin waɗannan watanni ko'ina kore ne, babu dabbar da za ta wahalar da kanta ta shigo gidan mutane. Da an shiga Disamba, an kwashe amfanin gona, an ƙone ciyawar kwarin, sai ya zama lambunki ne kaɗai wuri mai danshi da ɗanyen ganye a duk kewayen. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Dabbar da ke gwaguyar ɓawo a watan Maris sau da yawa ruwan da ke cikin ɓawon take nema kamar yadda take neman abinci. Ki sa ran abin zai fi tsanani daga Fabrairu zuwa saukar ruwan farko, sannan ya lafa da kansa.

Kafin ki sayi komai, ki san da wa kike yi. Daga bayaninki ina ganin ɓarayin sun kai uku, kuma maganin wannan ba shi ne na wancan ba. Da magariba ki share gindin shukokin da aka fi taɓawa, ki tankaɗe toka ko rairayi mai laushi ki barbaɗa kewaye da su, faɗin kamu ɗaya. Da asuba, kafin kaji su fito su ɓata wurin, ki je ki duba sawu. Sai ki sake shafe wurin ki dawo da la'asar. Wannan zai raba miki mai zuwa da dare da mai zuwa da rana, kuma rabin aikin ke nan.

Sai ki ɗauki karan da aka datse ki kalli bakin yankan. Zomo da gafiya da duk dangin ɓera suna da haƙoran gaba sama da ƙasa masu kaifi, don haka yankansu yakan fita tsaf, a karkace, ba tare da zare-zare ba. Akuya da tunkiya kuwa ba su da haƙoran gaba a sama, dasashi ne mai tauri, sai dai su kama su fizga, shi ya sa karan yakan tsage ya yi buzu-buzu. Ki duba tsayin ɓarnar ma. Abin da bai wuce gwiwa ba, na ƙananan dabbobi ne. Idan an ci ganye har tsayin ƙirjin mutum, to akuya ce ta miƙe a kan ƙafafun baya. Na san kin yi tambaya ne a kan namun daji, amma a lambunan da ake kira na in duba a bakin gari, akuyar maƙwabta ce ke kan gaba wajen laifi, ana ɗora wa zomo. A rani ake sakin dabbobi su yi yawo, kuma shingen da ya tsufa ba ya hana ɗan akuya.

Kashi ma shaida ne. Na zomo ƙwallaye ne zagayayyu, busassu, in kin murƙushe sai ki ga ciyawa. Na gafiya dogaye ne baƙaƙe. Tunda kuna kusa da kwari, akwai yiwuwar gyazbi ma, wanda ya fi son wuri mai dogayen ciyayi da danshi. Shi yakan sare kara ya yanyanka shi gunduwa-gunduwa ya bar tarin guntaye a inda ya zauna ya ci, kuma rama da dawa da rake ya fi bi, ba itace ba.

Kukokin da aka tumɓuke da giginyar da aka tone, ina kyautata zaton aikin gafiya ne ko kurege. Ƙaramar kuka tana yin saiwa mai kauri, fara, cike da ruwa, wadda mutum ma yana iya ci. Ita suke bi, shi ya sa sau da yawa za ki tarar da karan da ganyensa a yashe a gefen rami, an cinye gindin kawai. Giginya kuma da ta fara tsiro takan tura wani abu can ƙasa, wanda shi ne ke zama muruci. Duk mai haƙori a daji yana son muruci, kuma in akwai yara masu wucewa ta bayan shingen, kada ki cire su daga lissafi. Bambancin gafiya da kurege mai sauƙi ne: kurege da rana yake yawo, za ki gan shi da idonki da hantsi yana tsayawa a kan ƙafa biyu. Gafiya sai dare ya yi. Tana iya haura kilo ɗaya, rabin wutsiyarta na ƙarshe fari ne, tana da jaka a kumatu da take cika wa da iri ta kai rami ta tara. Ki nemi raminta a gindin katanga, a tsohon suri, a ƙarƙashin tarin bulo da ya rage daga gini, ko kusa da ramin ruwan wanka. Sabon gida da aka bar ɓaraguzai a bayansa masauki ne da aka shirya mata.

Akwai kuma masu datse ƙananan tsiro da ba su da ƙafa huɗu. Idan tsiron da bai wuce taƙi ba aka yanke shi daidai da ƙasa, ki tona gindin da yatsa, wataƙila ki samu tsutsa mai launin ƙasa a naɗe. Idan kuma kin ga ɗan rami da tulin sabuwar ƙasa a bakinsa, an ja ganye zuwa ciki, babban gyare ne. Ƙadangaru ma sukan tsinke sabon toho a rani. Waɗannan duk ba da maganin ɓera ake magance su ba, kin ga da kin zuba, asara ce kawai.

To, maganin. Shawarata ita ce ki daina tunanin korar dabbobi daga filin gaba ɗaya, don muddin kwarin nan yana nan ba za su ƙare ba. Ki kare kowace shuka ita kaɗai, na tsawon shekarun da take da rauni. Itatuwanki ba su da yawa, wannan abu ne mai yiwuwa.

Ki sayi ragar waya a wurin masu kayan gini. Akwai wadda ake yi wa kaji keji da ita mai manyan idanu, akwai kuma mai ƙananan idanu, rabin inci, wato kusan santimita ɗaya da ɗan kai. Ta biyun nake so ki saya ko da ta fi tsada, don ƙananan ɓeraye suna ratsa ta farkon, kuma wayar ta farkon siririya ce, gafiya na iya lanƙwasa ta. A yanka a naɗe ta zama zagaye, faɗinsa kamar santimita 40 zuwa 50, tsayinsa a saman ƙasa kamar santimita 90. Abin da mutane suka fi yin sakaci da shi shi ne ƙasan. In kin ɗora ragar a kan ƙasa kawai, mai tono zai bi ta ƙarƙashi a daren farko. A haƙa kewaye, nesa da saiwar, a nutsar da ragar kamar santimita 25 zuwa 30, in da hali a lanƙwasa bakinta na ƙasa ya fuskanci waje kamar taƙi ɗaya kafin a mayar da ƙasa. Dabbar takan fara tono ne daga jikin ragar, sai ta ci karo da waya a ƙarƙashinta, ba ta kuma da dabarar ja da baya ta faro daga nesa. A kafa turaku biyu ko uku a ɗaure ragar. Gafiya da kurege suna hawa, don haka ga kuka da kaɗanya ƙanana a rufe saman da wani yankin raga, a ɗaure da waya yadda za ki iya buɗewa.

Idan tokar ta nuna kofaton akuya, wannan tsayin bai isa ba. Sai an kai mita ɗaya da rabi, da turaku masu ƙarfi, don akuya jingina take yi da ƙirji har ta kwantar da abin. A nan dabarar iyayenmu ta fi arha: a saro rassan ƙaya, na magarya ko bagaruwa ko farar ƙaya, a jibge su kewaye da ragar, ƙayar na kallon waje. Wasu kuma sukan yi wa itacen ƙawanya da bulo, a jera da tazara don iska ta riƙa shiga. Yana aiki, sai dai ramukan bulon kan zama ɗakin ɓera da kunama, don haka ni na fi son raga da ƙaya. Kwandon kara ko zana yana tare akuya na ɗan lokaci, amma gara za ta cinye shi kafin shekara, kuma ya jawo ta gindin shukar.

Giginya tata dabarar daban ce, domin ba ta son dashe, dole inda za ta zauna a nan za a binne ta. Bayan kin binne ƙwallon, ki shimfiɗa raga a kwance a kan wurin, faɗin kamu biyu, ki danne gefunanta da duwatsu masu nauyi. Tana ɗaukar watanni tana aiki a ƙarƙashin ƙasa kafin ganyen farko ya leƙo, kada ki ɗauka ta mutu ki tone. In ganyen ya fito sai a ɗaga ragar a mayar da ita zagaye. Ki binne fiye da adadin da kike so, saboda dalili biyu: wasu za su salwanta ko ya aka yi, sannan giginya akwai namiji akwai mace, macen ce ke 'ya'ya, kuma ba za ki gane wace ce wace ba sai bayan shekaru masu yawa. Ki kuma nisanta ta da ɗaki da wurin wasan yara, don 'ya'yanta masu nauyi ne kuma daga can sama suke faɗowa.

Haka kaɗanya. In za ki sake shukawa, ki nemi ƙwarar da ta faɗo a daminar nan ki binne cikin 'yan kwanaki, don in ta bushe ba ta tsirowa. Ita ma ki rufe ta da raga tun ranar farko, don ƙwarar cike take da mai, ɓeraye suna shinshino ta. Kaɗanya tana da wata baiwa: wurin da take tohowa a binne yake a ƙarƙashin ƙasa, shi ya sa in an cinye kanta sau biyu sau uku takan dawo. Haƙuri take so, don takan kai shekara 15 zuwa 20 kafin ta fara 'ya'ya. Jikokin ne za su ci, kamar yadda kika yi niyya.

Yanzu ɗorawar da aka gwaguye. Ki durƙusa ki duba ko cizon ya zagaye karan duka. Abincin da ganye ya haɗa ta cikin ɓawo yake sauka zuwa saiwa, ruwa kuma ta cikin itacen yake hawa. Shi ya sa itacen da aka zagaye ɓawonsa zai iya ci gaba da zama kore na makonni ko watanni, mai shi yana murna, alhali saiwar tana mutuwa da yunwa. Idan abin da aka ci bai kai rabin kewayen ba, ki bar shi, zai rufe da kansa. Ki dai gyara bakin raunin da wuƙa mai kaifi in akwai ɓawon da ke reto, ki sa raga, ki ci gaba da ban ruwa. Kada ki shafa baƙin mai ko fenti ko kwalta. Na san ana yi, amma baƙin mai yana ƙone ɗanyen ɓawon da zai yi aikin rufewar. Idan kuwa an zagaye shi tas, kada ki jira ya bushe. Ki yanke karan a ƙasan raunin, yanka ɗaya mai tsabta, ki kare kututturen. Galibi zai fitar da toho da yawa. In sun kai kamu, ki zaɓi ɗaya ko biyu mafi ƙarfi ki cire sauran. Tohon da ya fito daga tsohuwar saiwa yana saurin girma fiye da sabon dashe nesa ba kusa ba.

Wannan ba dabarar lambu kaɗai ba ce. Ita ce ginshiƙin abin da manoman Maraɗi da Damagaram suke kira sassaben zamani, wanda ya fara yaɗuwa a shekarun 1980, lokacin da wani ma'aikacin noma ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa 'yan kurmin da ake sarewa a gonaki duk shekara kututturan itatuwa ne masu rai. Maimakon dashe, sai manoma suka riƙa zaɓar toho suna karewa, kuma ta haka aka farfaɗo da itatuwa a fili mai faɗin kusan hekta miliyan 5 a Nijar. Abin da ya sa na kawo wannan shi ne in ce miki ki zagaya filinki ki duba. Tunda sabon wuri ne da bai daɗe da zama gona ko daji ba, da wuya a rasa kututturen kalgo ko marke ko taura ko magarya da ke tohowa a wani lungu, ana share shi a matsayin ciyawa. Irin wannan ya riga ya yi saiwar da gafiya ba za ta iya tumɓukewa ba. Kukokin da aka cinye wa gindi kam sun tafi, sai sabon shuka. Ki jira damina ta zauna, a ƙarshen Yuni ko Yuli, lokacin da dabbobin suka samu abinci a daji, don shukar ta yi watanni tana kafuwa kafin rani ya dawo.

Ga itacen da ya riga ya kai tsayin mutum, ba sai an yi masa babban keji ba. A naɗa raga a jikin karan daga ƙasa zuwa gwiwa ko ɗan sama, a bar tazarar yatsu uku tsakanin waya da ɓawo, a riƙa sassautawa duk shekara. Na sha ganin itacen da ya tsira daga zomo amma wayar da aka manta a jikinsa ta shaƙe shi. Wasu suna yanka gorar roba su zura. A sanyin hunturu babu laifi, amma a zafin Maris da Afrilu cikin gorar yakan yi turiri ya dafa ɓawon, kuma gafiya tana huda roba.

Fegin rama da yakuwa ki zagaye shi duka da raga ɗaya, a binne ƙasanta kamar yadda na faɗa. Su ba abin damuwa ba ne sosai, in an datse su sukan yi rassa.

Za a gaya miki ki fesa ruwan barkono da tafarnuwa ko na ganyen darbejiya. Yana ɗan rage cin ganye daga zomo da akuya na 'yan kwanaki, sai a sake, kuma ban ruwa ko raɓa na wanke shi. Tsuntsaye ba sa jin yajin barkono ko kaɗan. Dama kashin akuya ko na shanu da ruwa a yayyafa wa ganye tsohuwar dabara ce, kuma akuya na ƙyamarsa, amma ba a yi wa ganyen da za a ci. Duk waɗannan taimako ne, ba su maye gurbin raga. Mutum-mutumi da ledar da iska ke kaɗawa kuwa, kwana kaɗan dabbobin ke yi su gane babu komai.

Gara kuma ki rage tsoronta. Itatuwanmu masu lafiya ba ta cika kashe su ba, baƙi irin su itacen turare ne take yi wa kisan gilla suna ƙanana, abin da ma'aikatan gandun daji a Samaru da Afaka suka daɗe da sani. Takan kama shukar da ƙishirwa ko rauni ya riga ya galabaitar. In kin ga ta yi rufin ƙasa a jikin kara, ki kankare, ki zuba toka a gindin, ki ba da ruwa sosai sau ɗaya ko biyu a mako maimakon yayyafi kullum. Busasshiyar ciyawar da kike rufe gindi da ita don riƙe danshi, ki janye ta taƙi ɗaya daga jikin karan, don a nan ɓera ke fakewa yana gwaguya.

Dalilin da ya sa na hana gubar shi ne, a fili buɗaɗɗe ba ki da iko a kan wanda zai ci. Kajinki da zabinki za su tsattsaga, akuyar maƙwabta za ta lasa ta zama rigima, ga jikoki masu tsintar komai su kai baki. Sannan yawancin maganin ɓera na zamani ba ya kashewa nan take, jini yake hanawa daskarewa, ɓeran ya yi kwanaki yana yawo a galabaice. A wannan hali mujiya ko shaho ko kyanwa ko tunku ke kama shi cikin sauƙi, su ma gubar ta taru a jikinsu. Kin ga kin kashe masu yi miki gadi kyauta, kuma ɓera ya fi su saurin haihuwa nesa, don haka bayan 'yan watanni ɓerayen za su dawo fiye da da, babu mai rage su. Mujiyar da ake jifa saboda camfi, babu abin da ya kai ta cin ɓera da dare. Bushiya da jaɓa ma kada a kashe su in an gani a lambu, ƙwari da tsutsa suke ci, ba sa taɓa shuka, wato suna cikin masu rage miki gyaren da ke yanke tsiro. Fiya-fiya da sauran magungunan ƙwari masu ƙarfi da ake zubawa a rami ko a kan abinci, wannan kam kada ma a fara.

In kin gano gafiya ɗaya ce ta kafa rami a cikin gidan, a sa mata tarko. Na keji ya fi, da ƙuli-ƙuli ko gyaɗa ko guntun rogo a ciki, a ajiye a kan hanyarta da magariba, a cire da safe kafin kaji da yara su fito. Tana da wayo, don haka a bar tarkon a buɗe ba a ɗana ba na dare biyu ko uku ta saba cin abin da ke ciki. Samari za su ce su banka mata hayaƙi. A rani, kusa da shinge da busasshiyar ciyawa, ban yarda ba, kuma ba a zura hannu a irin wannan rami don maciji ma yana shiga. Bayan an kama, a toshe bakin ramin da ƙasa sako-sako a duba kwana biyu. In ba a buɗe ba, a cika shi da tsakuwa a shafe da siminti, a kwashe ɓaraguzan ginin, in ba haka ba wata za ta tare a ciki. Kuma duk ɓera ko gafiya da aka kashe, kada a taɓa da hannu tsirara. A sa leda a hannu, a binne da zurfi, a wanke hannu da sabulu. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na jihar Borno a 1969, ta fitsari da kashin wani ƙaramin ɓeran gida da gona yake yaɗuwa, kuma a rani ya fi tashi, daidai lokacin da kike wannan fama.

Jemagun kanya kuwa, ki bar su. Ba su da hannu a ko ɗaya daga cikin ɓarnar da kika lissafa, 'ya'yan itace da ruwan fure suke sha. Furen kuka fari ne babba, da magariba yake buɗewa, kafin wata magaribar ya yanƙwane, kuma jemage ne babban mai ɗaukar masa garin fure daga wannan itace zuwa wancan. Jan furen ɗorawa mai reto ma da dare yake zubar da ruwan zaƙinsa, jemagu na cikin manyan masu ziyartarsa. Ranar da kukarki da ɗorawarki suka isa fure, su za ki nema. A wani bincike da aka yi a Accra ta ƙasar Gana, an liƙa wa irin manyan jemagun nan masu ruwan ɗorawa na'urar bin sawu, aka ga suna iya kai irin itace nisan da ya kai kilomita 75. Mai yiwuwa ita kanta kanyar da kuka tarar wata dabba ce ta kawo ƙwallonta. Abin kiyayewa kawai, a hana yara cin 'ya'yan da aka gatsa aka yar, sauran kuma a wanke, kada kuma a shanya abinci ko a ajiye randa a buɗe a ƙarƙashin itacen.

Ɓarnar masu fukafuki da nake so ki sa wa ido nan gaba ita ce kauci. Ƙananan tsuntsaye ke cin 'ya'yansa, irin mai danƙo ne, sai su goge shi a jikin reshe, ya tsiro ya kafa saiwarsa cikin itacen yana shan ruwansa. Kaɗanya da ɗorawa suna cikin waɗanda ya fi addaba. Ki ɗaga kai ki duba kanyar tun yanzu. In kin ga wani cunkus na ganye da bai yi kama da na itacen ba, a sare reshen da yake kai, kamu ɗaya a ƙasan inda ya manne, don in shi kaɗai aka fizge zai sake fitowa.

Shingen bayan gidan ma yana son gyara na dindindin. Aguwa ita ce mafi sauƙi: a sari rassanta a ƙarshen rani a kafa su kusa da kusa, dabbobi ba sa cin ta saboda ƙaikayin ruwanta, sai dai a gargaɗi yara kada ruwan ya shiga ido. Bini-da-zugu ma ana yi da shi, amma 'ya'yansa guba ne kuma yara na sha'awarsu, don haka a gidan jikoki ban ba da shawararsa ba. In kin haɗa aguwa da layin magarya ta ciki, cikin 'yan shekaru akuya ba za ta ratsa ba, ga magaryar ci. Wannan ba zai tare gafiya ba, amma zai cire miki babbar matsala ɗaya.

Ragar jikin kowane itace za ki iya cirewa idan karan ya kai kaurin damtsen hannu, ɓawon ya yi tauri ya fara tsagewa, rassan ƙasa kuma sun wuce inda akuya ke kaiwa. Magarya da kuka sukan kai nan cikin shekara uku zuwa huɗu in suna samun ruwa. Ɗorawa takan ɗan ƙara. Kaɗanya da giginya kuwa ki ƙyale musu tasu har sai kejin ya yi musu kaɗan, sannan a faɗaɗa shi maimakon a cire. Ki riƙa zagayawa sau ɗaya a mako a rani kina duba gindin kowace raga ko an fara tono, musamman bayan an ƙone ciyawar kwarin.